Tambaya Da Amsa: Wai Rana Ce Ke Cin Karan Gona Ko Gara?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni sun taru sosai, sai na lura guda huɗu daga ciki duk abu ɗaya suke kewayawa ko da yake masu su ba su san juna ba, shi ne na haɗa su wuri guda. Mai tambayar maganin tsutsar masara ka yi haƙuri, taka na nan tafe.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni manomi ne daga yankin Ɗanbatta. Bara bayan mun yi girbi na bar karan dawa a gonata ta bayan gida wadda take a killace, ba shanun da suka shiga, wani na kwantar a ƙasa wani kuma na jingina a jikin bishiya. Tun daga kaka har bazara ko ɗigon ruwa ba a yi ba, amma da na je sharar gona sai na tarar karan ya yi fari fat, ya yi shakwaf ba nauyi, karmamin kana taɓawa yana marmashewa. Yayana ya ce gara ce, to amma wanda na jingina gara ba ta hau shi ba kuma shi ma haka ya zama. Mu dai an koya mana abu ba ya ruɓewa sai da laima. To wa ya ci?

AMSA: Malam barka kadai. Kai da yayanka kowa na da gaskiyarsa, kar ku yi faɗa. Wanda ke kwance a ƙasa in ka ɗaga shi ka ga an shafe shi da jar ƙasa kamar an yi masa yaɓe, cikinsa kuma fayau, to wannan aikin gara ne ba tantama. Amma wanda ka jingina, wanda ya koɗe ya yi fari yana karyewa kamar biskit, rana ce ta ci shi. Kuma ba wai bushewa kawai nake nufi ba, don bushewa ai cikin 'yan makonni ta gama, ruwan jikinsa ya fita shi kenan. Abin da ya biyo baya na wata biyar ko shida wani abu ne daban, hasken ne da kansa yake farfasa jikin karan.

Bari in faɗa maka yadda aka gina kara. Akwai abubuwa biyu manya a jikinsa. Na farko selulos, wasu zarurruka ne dogaye da aka ƙulla da sukari, shi ne abincin da saniya ke nema in tana tuƙa, shi ne kuma ƙwayoyin bakteriya da funfuna ke so. Na biyu liginin, shi kuma kamar siminti yake da aka zuba ya rufe rodi, shi ke sa kara ya tsaya ƙyam iska ba ta kayar da shi ba, shi ke sa itace tauri. Liginin ɗin nan taurin kai gare shi, yawancin ƙwayoyin da ke ruɓar da abu ba sa iya cinsa, sai wasu irin naman gwari da kake gani a jikin ruɓaɓɓen kututture da damina, su ma a hankali. Amma abin mamaki, abin da ya gagari bakteriya bai gagari haske ba, saboda liginin yana shan haske sosai, musamman wanda ido ba ya gani da ake kira ultrabayolet, da kuma ɓangaren shuɗi da kore na hasken da muke gani. In ya sha, ƙarfin hasken sai ya tsinka ƙulle-ƙullen da ke riƙe da shi, iskar oksijin ta shiga, ya rinƙa gutsurewa kaɗan kaɗan.

In kana so ka gani da idonka ba sai ka je ɗakin gwaji ba. Ɗauki tsohuwar jarida ka ajiye a gaban gilashin mota, ka ɗora wani littafi ya rufe rabinta, ka bar ta kwana biyu ko uku. Ɓangaren da rana ta duka zai yi rawaya, wanda ke ƙarƙashin littafin yana nan fari. Takardar jarida akwai liginin da yawa a cikinta, shi ne ya canza launi. Ko ka duba buhun taki da aka manta a kan katanga tun bara, ka ja shi ka ga yadda zai yage ya zama gari a hannunka, alhali ɗan'uwansa da ke cikin ɗaki yana nan garau. Buhu roba ne ba tsiro ba, amma ɓarnar iri ɗaya ce, haske ne ya tsinka shi.

Kuma kar ka ga kamar kai kaɗai abin ya ɗaure wa kai, masana ma sun daɗe suna ganin ganye da ciyawa na raguwa a busassun wurare fiye da yadda lissafinsu ya nuna. A shekarar 2006 wasu mata biyu masu bincike a Jami'ar Buenos Aires ta ƙasar Ajantina, Amy Austin da Lucía Vivanco, suka fitar da sakamakon wani gwaji a mujallar Nature. Sun yi shi ne a yankin Patagoniya, can kudancin ƙasar, fili ne fetal mai iska da sanyi, ruwan da yake samu a shekara bai kai milimita 200 ba. Suka zuba busasshiyar ciyawa suka rufe ta da wasu ledoji na musamman, wata tana barin duk haske ya wuce, wata tana tare nau'in ultrabayolet da ake kira UV-B kawai, wata kuma tana tare hasken gaba ɗaya. Da suka zo aunawa, inda aka tare UV-B lalacewar ciyawar ta ragu da kashi 33 cikin 100, inda aka tare hasken duka kuma ta ragu da kashi 60 cikin 100. Sun kuma gwada rage ƙwayoyin ƙasa da magani, sun gwada ƙara musu abinci, duk bai canza komai a zo a gani ba. Ma'ana a wannan wurin rana ce babbar mai aikin, ba ƙwayoyi ba.

To yanzu ga inda abin ya shafe ka a matsayinka na manomi, kuma nan nake so ka buɗe kunne. In gara ta ci kara, ko funfuna da bakteriya suka ruɓar da shi a cikin laima, wani kaso na komawa cikin ƙasa ya zama baƙar ƙasar nan mai laushi da ke riƙe ruwa. Amma abin da rana ta ci, yawancinsa sama yake tafiya, yana fita a matsayin iskar kabon dayoksaid, da ɗan kabon monoksaid da ɗan mitsitsin iskar misen (methane). Kamar gobara ce mai tafiyar hawainiya, ba harshen wuta ba hayaƙi, amma nauyin da ka ji ya ragu a hannunka wani ɓangarensa iska ya bi, bai shiga gonarka ba. Shi ya sa duk wanda ya ce maka ka bar kara a tsaye ko a jingine rana za ta mayar maka da shi taki, bai faɗa maka daidai ba.

Sai dai kuma ba zan yi wa rana rashin adalci ba, tana da wani amfani ɗaya. Tunda ta fasa simintin nan, rodin ya fito fili. Ranar da aka yi ruwan farko ƙwayoyin ƙasa suka farka, sai su tarar an buɗe musu ƙofa, selulos na nan a sarari ba shamaki. Ita Austin ɗin da abokan aikinta sun sake nuna wannan a 2016, cewa ganyen da ya sha rana ƙwayoyi sun fi saurin cinye shi daga baya. Ai ka sha gani, karmamin da ya yi rani a fili in damina ta sauka kafin a gama noman farko ya ɓace, amma sabon kara da aka ajiye a rumfa in ka jefar da shi a gona sai ya daɗe yana nan yana maka gadara.

Wani abu kuma, haske ba ya nutsawa can ciki, fata fata yake ci. Fasa karan naka ka duba, bayan ne ya koɗe, ɓangaren da ke kallon bishiya ma bai kai na waje ba. Siraran abubuwa irin su karmami da yayi da ganyen kyasuwa su suka fi jin jiki. Sannan a ƙasarmu da zarar iskar hunturu ta kwaso rairayi ta binne abu, to ya tsira daga rana, ya koma hannun gara. Don haka a gonarka ma'aikata uku ne suke karɓa-karɓa, rana daga sama, gara daga ƙasa, iska kuma tana kwashe marmashin ta kai wa maƙwabcinka kyauta.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Zariya, ina karantar ilimin halittu. Malaminmu ya ce wai ganye mai yawan liginin shi ya fi daɗewa bai ruɓe ba, sai kuma a wani darasin ya ce a hamada ba haka ba ne. Na rikice, wanne zan rubuta a jarabawa? Kuma meye haɗin wannan da sauyin yanayi?

AMSA: 'Yata duka biyun za ki rubuta, malaminku bai yi tufka da warwara ba. Abin ya danganta da wa ke cin ganyen. A kurmi irin na kudancin Najeriya ko Kamaru, inuwa ta rufe ƙasa, laima ba ta yankewa, masu aikin su ne funfuna da bakteriya da tana da sauran ƙananan halittu, kuma su liginin katanga ce a gare su, don haka yawan liginin yana nufin jinkiri. A fili mai ƙarancin ruwa kuwa inda ciyawa ke mutuwa a tsaye ta yi wata da watanni ba inuwa, mai aikin haske ne, kuma shi liginin ɗin ne ke kama hasken, to kin ga lissafin ya juya, ganye mai yawan liginin shi ya fi rasa nauyi a rana. Austin da Carlos Ballaré ne suka bayyana wannan fuska biyu ta liginin a 2010, kuma a nan ne suka nuna ba ultrabayolet kaɗai ba ne, shuɗi da koren haske ma suna taka rawa babba. In kina so ki burge mai duba takarda ki tuna masa a ma'aunin tsawon zangon haske UV-B na tsakanin nanomita 280 zuwa 315, UV-A daga 315 zuwa 400, daga nan sai hasken da ido ke gani.

Ki ƙara da wannan don kar amsarki ta zama ta gefe ɗaya: ultrabayolet yana kashe ƙwayoyin da ke zaune a saman ganye ko ya rage musu kuzari. Kenan rana tana taimaka musu ta hanyar fasa liginin, tana kuma cutar da su kai tsaye. Wanda zai yi rinjaye ya danganta da laima, shi ya sa a wuraren da raɓa ke sauka da dare ake samun aikin ya kasu biyu, da rana haske ya fasa, da dare in ganye ya jiƙa ƙwayoyi su ci.

Maganar sauyin yanayi kuma, busassun ƙasashe sun kai kusan kashi 41 cikin 100 na doron ƙasa, mu ma yankin Sahel muna ciki. Tsoffin lissafin kwamfuta da ake amfani da su wajen ƙiyasta yawan kabon da ke fita daga matattun tsirrai an gina su ne a kan ruwan sama da zafi da kuma irin ganyen, ba a sa haske a ciki ba, shi ya sa a busassun wurare suke ba da adadi ƙasa da abin da ake aunawa a fili. In aka sare bishiyoyi inuwa ta ragu, ko fari ya tsawaita rani, to hanyar nan ta haske sai ta ƙara faɗi, kabon ya tsallake ƙasa ya tafi sama kai tsaye. Akwai ma haɗi da rufin ozon, wata iska da ta lulluɓe duniya can sama, tunda shi ke tace yawancin UV-B, kuma don kare shi aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987. Allah ya ba da sa'a a jarabawa.

TAMBAYA: Malam ina kiwon raguna a gida a Gusau don sallah. Harawar wake da na saya na jibge a kan rufin ɗaki ta yi fari daga sama, ta ciki kuma kore shar. Maigidana ya ce duk ɗaya ne, ni kuma na ga ragunan suna ture farar.

AMSA: Hajiya ki gaya wa maigida cikin ladabi ragunan sun fi shi gaskiya a wannan karon. Rana tana lalata launin koren tare da sinadarin karotin, wanda jikin dabba ke juyawa ya zama bitamin A, ga ƙamshin ya gudu, ganyen kuma ya yi ƙarau yana kakkaɓewa, alhali amfanin harawa a ganyen yake ba a itacen ba. Farar ba guba ba ce, za su ci in yunwa ta yi, amma kuɗin kore kika biya. Da zarar harawa ta bushe a sauke ta a kai rumfa ko ɗaki mai shan iska, a ɗora a kan itace kar ta taɓa ƙasa saboda gara. In ba wuri sai rufin, a lulluɓe ta da tsohuwar zana ko tabarma, kar a naɗe ta ruf da leda in akwai sauran danshi don za ta yi funfuna, kuma lallai a sauke kafin ruwan farko, don ruwa ɗaya ma na iya yi mata babbar ɓarna.

TAMBAYA: Daga Tawa a jamhuriyar Nijar nake rubutowa. Mun tara shara da kara da kashin awaki a fili don mu yi takin gargajiya, an ce mana zafi ke dafa shi shi ya sa muka zaɓi inda rana ta fi duka. Wata huɗu kenan, sama ya yi fari, ciki kuma yana nan yadda muka zuba. Me muka yi ba daidai ba?

AMSA: Ɗan'uwa wanda ya ce maka zafi ke dafa taki bai yi ƙarya ba, amma ba zafin rana yake nufi ba. Zafin daga ciki yake tasowa, numfashin ƙwayoyin da ke cin sharar ne, tarin da ke aiki sosai in ka tura hannu ko ka soka ƙarfe ka zaro za ka ji shi kamar an ɗauko daga murhu, yana iya wuce digiri 60 ko da a inuwa yake. Su kuma ƙwayoyin nan ba sa motsi sai da ruwa. Ku kun ajiye musu abinci a faranti kun hana su ruwan sha, rana ta ƙone sama ta busar da ciki, ga wani ɓangare na naitirojin ɗin kashin awakin, wato sinadarin da ke ciyar da shuka, ya bi iska.

Ku haƙa rami a gindin bishiya, ku daddatsa karan gajeru gajeru, a zuba shimfiɗar kara a bi da ta kashi a yayyafa ruwa a ɗan barbaɗa ƙasa, haka har ya cika, sannan a rufe da ciyawa ko tsohon bunu. Jiƙawar kar ta wuce yadda in ka damƙa a hannu zai dunƙule amma ruwa ba ya zuba, ruwan wanke-wanke da ba omo a ciki ma ya isa. A riƙa juyawa duk bayan sati biyu ko uku. Farin saman nan da rana ta riga ta ci kar ku zubar, ku tura shi tsakiya, shi zai riga saura narkewa. Kuma tunda na ambaci bunu, wannan dabara ce ta kakanninmu, in aka sauke tsohuwar jinka da ta sha rana da ruwa shekara da shekaru gona ake kai ta, tana taɓa laima take komawa ƙasa.

Ni abin da ya ɗan ba ni dariya ma, daga Tawa kake tambayata, alhali ku ne malamanmu a wannan fanni. Tassa da manoman yankinku ke haƙawa a kan faƙo, wadda a Burkina Faso suke kira zai, wadda marigayi Yacouba Sawadogo, wani manomin ƙasar, ya shahara da ita har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, ai amsar tambayarka ce a aikace. Ana haƙa ɗan rami da rani, a zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a ɗan rufe da ƙasa. Rufewar nan ta ɓoye shi daga rana da iska, gara ta ji ƙamshi ta zo ta huda faƙon da hanyoyinta, in ruwa ya sauka ya taru a ramin ya bi hudojin ya nutse maimakon ya gudu. Takin da za a watsa a fili ya yi wata uku yana shan rana, ga shi an sa shi daidai bakin saiwar gero.

Kar kuma wani ya karanta wannan ya ce to tunda rana za ta ci kara gara in cinna masa wuta in huta. Wuta a awa ɗaya take yin abin da rana ba ta gama ba a wata shida, kabon ya tafi, kusan duk naitirojin ya tafi, sai toka, ita ma iska ta kwashe rabi. Karan da aka kwantar a ƙasa ko da rana ta koɗar da bayansa yana yi wa ƙasar inuwa, yana tare rairayin da iska ke ɗauka, yana kiran gara. In ba ka da halin rami, ka kwantar da shi ya manne da ƙasa ka ɗan watsa masa rairayi, kar ka bar shi a tsaye. Ka rubuto mana bayan wata biyu mu ji yadda ramin ya yi, in ka soka ƙarfe bai yi ɗumi ba bayan kwana huɗu ko biyar to ruwa ne bai isa ba ko kashin ya yi kaɗan, a ƙara.